Rainon da muke kira kyauta, 'ya'yanmu mata ne ke biyan kuɗinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zai ɗan zarce wanda aka saba ba mutum ɗaya. Maganar ta daɗe tana ci mini rai, kuma na kasa gutsure ta.

Ni malamar firamare ce, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Ina zaune a wata unguwa ta bayan gari a kan hanyar Katsina, ba nisa da kasuwar Dawanau. Yawancin matan layinmu can suke neman na kansu: gyaran riɗi, tsince zoɓo, bakace da tankaɗe a sito-siton 'yan kasuwa, tun safe har bayan la'asar. Waɗanda ba sa fita kuma suna da kaskon awara ko injin markaɗe ko keken ɗinki a cikin gida. Mazajensu 'yan dako ne da masu tuƙa adaidaita sahu da leburorin gini. Babu mai zaman banza a cikinsu, kuma kusan kowace tana da yaron da bai kai shekara biyar ba. To, idan uwa ta kama aiki, wa ke riƙe da wannan yaron?

Na san amsar, domin na sha jin ta a lokacin kiran suna. Sai in kira yarinya a yi shiru, wata daga bayan aji ta ce, "Malama, tana raino."

Akwai wata da na koyar a aji huɗu wadda har yau ba ta fita daga raina ba. Ban taɓa samun ɗalibar da ta kai ta lissafi ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo leɓenta ya fara motsi. Mahaifiyarta ta haihu, ta yi arba'in, ta goya jaririn ta koma Dawanau, aka bar wa yarinyar nan ƙaninta ɗan shekara biyu da aka yaye ba da daɗewa ba. Sai ta fara zuwa makaranta da shi a goye. Idan ya fara kuka yara su ruɗe, sai ta fita da kanta ba tare da an ce mata komai ba, ta tsaya a bakin taga ta waje, ta ɗora littafinta a kan dakalin tagar, tana jijjiga shi tana kwafar abin da ke allo. Ina iya tuna majanyin, wani tsohon zanen atamfa da ya koɗe, da yadda take karkata ƙugu gefe guda saboda nauyin yaron ya fi ƙarfinta. Daga kwana biyar a mako ta koma uku, daga uku ta koma ɗaya. Kafin zango na uku ya ƙare an daina ganinta. Na je gidansu da magariba na sami uwar tana wanke ƙurar riɗi daga fuskarta. Ba ta yi mini musu ba, ba ta kuma ce boko ba shi da amfani ba. Cewa ta yi, "Malama, in na zauna me za mu ci? In na tafi da su biyu mai sito ba zai yarda ba." Na tashi na fito ba ni da abin ce mata.

Mun saba cewa mu Hausawa ba ma biyan kuɗin raino, domin ɗa na kowa ne. A gidan da na tashi haka abin yake. Gidan gandu ne, akwai kaka, akwai kishiyoyin uwa, akwai matan baffanni, yaro ba ya rasa cinyar da zai hau. Amma matar da ke zaune a ɗaki ɗaya na haya, danginta suna ƙauye, maƙwabciyarta ita ma ta fita nema, ba ta da wannan gatan. Rainon bai ɓace ba, nauyinsa ne ya sauka a kan wadda ba ta da bakin cewa a'a: yarinya 'yar shekara bakwai zuwa goma sha biyu. Ana taruka kan yaran da ba sa zuwa makaranta, ana maganar talla da aurar da yara da wuri, duk gaskiya ne. Sai dai a abin da na gani da idona, kafin talla da aure su zo, goyo ne ya fara fitar da yarinya daga aji.

Abin da ya sa muka motsa a unguwarmu bai da daɗin faɗa. Bayan an sake buɗe makarantu daga kullen korona, wata rana da hantsi muka ji ihu. Wani yaro mai rarrafe ne ya jawo kaskon mai yana tafasa, a lokacin da yayarsa, wadda ita kanta ba ta gama famfara ba, ta juya ta ɗebo ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma tabon yana hannunsa har kafaɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarinyar aka daka. A taron adashinmu na Juma'ar da ta biyo baya ba a yi hirar komai ba sai wannan. Can sai wata dattijuwa da duk muke kira Goggo, wadda mijinta ya rasu 'ya'yanta suka watse neman abinci, ta ce tsakar gidanta na nan fili fetal, ga inuwar darbejiya, ita ma kaɗaici ya ishe ta. Ta ce a kawo mata su.

Kuɗin farawa daga adashin ya fito. Uwar adashi ce ta kawo dabarar: muka ƙara hannu ɗaya a zubi, hannun da ba na kowa ba, na yara. Kowace ta ɗora ɗan abu a kan zubinta, ranar da kwasar wannan hannun ta zo muka sayi tabarmi shida, da randa, da butoci, da fo guda huɗu, da bokiti da sabulu. Wani kafinta a layin ya yi wa rijiyar Goggo murfi muka sa kwaɗo. Ya kuma yi ɗan shinge tsakanin madafi da inda yara za su zauna, domin wuta ce ta tara mu tun farko. Muka je wajen Baba mai unguwa muka yi masa bayani, ya sa albarka. Wajen maza ne aka sha fama. Wani ya ce shi ba zai kai ɗansa gidan wani kamar maraya ba. Wani ya ce yau raino, gobe a ce za a koya musu abin da ba a sani ba. Ba mu yi jayayya da su ba. Malam liman muka roƙa ya zo ya zauna ya gani da idonsa, ya zo har sau biyu, daga nan ya yi magana bayan sallar isha'i. Da yara tara muka fara. Yau suna 34, daga 'yan wata goma sha takwas zuwa 'yan shekara biyar, kuma akwai sunaye a littafi da ke jiran gurbi.

Bari in ba ka labarin yini ɗaya, domin mutane da yawa suna ɗauka wurin ajiye yara ne kawai kamar yadda ake ajiye kaya.

Ana buɗe ƙofa ƙarfe bakwai da rabi. A zaure akwai littafi: wa ya kawo yaro, ƙarfe nawa, kuma wa aka yarda ya ɗauke shi. Wanda sunansa ba ya ciki ba a ba shi yaro, ko da ya ce shi baffansa ne, sai an kira uwar ko uban a waya. Kowane yaro zai wanke hannu da sabulu kafin ya hau tabarma. Ana fara wa da addu'o'in safe da gajerun surori. Wajen ƙarfe tara a sha kunu, na gero da waken suya da gyaɗa da muke soyawa mu kai niƙa sau ɗaya a mako. Daga nan a raba su biyu. Ƙanana suna wajen Goggo da mai taya ta, wasa da waƙa da barci. Manya, 'yan uku zuwa biyar, suna wajena.

Ba mu da kayan wasan kanti, ban kuma ga mun yi asara ba. Muna da gwangwani cike da marafan kwalba, da su muke ƙirga, da su muke ware ja daga kore, da su yaro ke gane cewa biyar ɗin da aka baza da biyar ɗin da aka tara duk biyar ne. Muna da tsofaffin farantai da muke zuba rairayi a ciki, yaro ya ja layi da yatsa, ya shafe, ya sake, ba ya tsoron kuskure domin ba abin da ya ɓata. Muna kwaɓa yumɓu su gina tukwane da shanu. Bayan kaka ana kawo mana karan dawa su ƙera mota da gado. Sannan tatsuniya, wadda ita ce sarauniyar darussanmu. Da Goggo ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," za ka ji tsakar gidan ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!" Idan ta kai tsakiya sai in tsayar da ita in tambaye su: me kuke gani Gizo zai yi yanzu? Me ya sa Ƙoƙi ba ta yarda ba? Akwai wani yaro da aka kawo mana yana da shekara uku da rabi, ba ya haɗa kalma biyu, iyayensa har sun fara tunanin ko kurma ne. Ba kurma ba ne. Ya yi rayuwarsa ne a kulle a ɗaki daga safe zuwa yamma, ba mai yi masa magana. Wata biyar bayan zuwansa, rannan Goggo ta yi kuskure da gangan ta ce kura ce ta hau bishiya, sai ga shi ya miƙe tsaye yana cewa, "A'a Goggo, ba kura ba ce, Gizo ne!" Mahaifiyarsa da aka ba ta labari da yamma zama ta yi a bakin zaure ta rufe fuska da mayafi.

Da Hausa muke yin komai, kuma a nan mun sha saɓani da iyaye. Suna jin 'ya'yan masu hali suna dawowa daga makarantun kuɗi suna rera waƙoƙin Turanci, su ma suna son nasu su yi. Ban ga laifinsu ba, kowa na son ɗansa ya ci gaba. Amma na koyar da aji ɗaya shekaru da yawa, na ga yaran da ke iya rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, in ka nuna musu harafi ɗaya a tsakiya ba su san shi ba. Yaron da ya ƙoshi da magana a harshen uwarsa, ya iya ba da labari, ya iya tambaya, ya iya jiran layinsa ya zo, shi ne ke saurin kama karatu, har Turancin ma. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu. Mun dai yi sulhu: 'yan shekara biyar suna koyon gaisuwa da ƙirga da sunayen abubuwa da Turanci a zangonsu na ƙarshe, saura duk da Hausa.

Yanzu maganar kuɗi, inda gizo ke saƙar. Da naira 100 a yini muka fara, da mudun gero ɗaya a wata daga kowane gida. Wadda ba ta da kuɗin sai ta ba da yini ɗaya a mako, ta zo ta yi wanke-wanke da shara da dama kunu, irin gayyar da iyayenmu ke yi a gona. Marayu huɗu ba sa biyan komai. A haka muke lallaɓawa har aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023. Cikin 'yan watanni kuɗin niƙa da na gawayi da na waken suya suka tashi, kuɗin motar iyayen zuwa kasuwa ma ya tashi, wato ta ko'ina an matse. Da muna ba da abinci sau biyu, kunu da safe, ɗan wake ko dafa-duka da rana. Dole muka soke na rana, muka ce kowa ya zo da nasa. Ranar farko da aka buɗe kwanuka na ga abin da ya hana ni barci: wani da shinkafa da wake, wani da gaya ba miya, uku ba su zo da komai ba. Tun daga ranar muke juye duk abin da aka kawo a babban tire biyu a ci tare. Yanzu naira 300 muke karɓa, kuma na san gidajen da wannan ɗin ma sai an yi dabara.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin masu rainon. Ni ina da fansho, ba na karɓar komai. Goggo ma ta ƙi karɓa, sai dai mu yi mata cefane. Amma akwai mata biyu da wannan ne aikinsu, daga safe har la'asar, suna wanke kashi da fitsari, suna rarrashi, suna goyo. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Abin da muke ba kowaccensu bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, kuma ina jin nauyin haka a gaban Allah. Mun taɓa samun wata yarinya mai takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara, hannunta na da albarka, yara na bin ta kamar kaza da 'ya'yanta. Ta yi wata bakwai ta tafi wani shagon cire kuɗi, domin can an fi biyanta. Ta zo sallama tana kuka, na ce mata ta tafi, ita ma tana da iyayen da take taimaka wa. Duk wanda ya ce maka al'umma za ta iya riƙe irin wannan wuri ita kaɗai har abada, bai taɓa zama ya yi lissafin ƙarshen wata ba. Wuri da tabarma da gero za mu iya. Albashin ƙwararriyar malama ya fi ƙarfinmu.

Mun yi kurakurai kuma. A damina ta farko gudawa ta shiga, yara bakwai suka kwanta cikin kwana uku, muka rufe na kwana goma. Laifinmu ne: moɗa ɗaya kowa ke tsomawa a randa. Yanzu bokiti mai famfo muke amfani da shi, kowane yaro da kofinsa, kuma kullum akwai gishiri da sukari na asibiti a ajiye. Da cutar mashaƙo ta yi tsanani a Kano a 2023, muka yanke cewa ba za mu karɓi yaro ba sai da katin rigakafi. Gida uku suka janye 'ya'yansu, biyu suka dawo daga baya da katin a hannu. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke aure a layinmu takan zo sau ɗaya a wata don Allah, da ɗan tef ɗin nan mai kore da rawaya da ja da ake auna damtsen yaro. Da shi ta gano yara biyu da tamowa ta fara kamawa, aka tura su asibiti tun abin bai yi nisa ba.

Batun amana kuwa, babu uwa a Kano da ta manta abin da ya faru a farkon 2022, lokacin da aka rasa wata yarinya 'yar shekara biyar a hannun wanda aka ba amanar karatunta, har gwamnati ta soke takardun makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. A makon nan rabin yaranmu ba su zo ba, ban kuma ga laifin kowa ba. Abin da ya dawo da su shi ne ƙa'idojin da muka zauna da iyaye muka tsara tare: ba a shiga ɗaki da yaro a rufe ƙofa, babba ɗaya ba ya kaɗaita da yaro, ba bulala, ba namijin da ke wuce zaure, kuma kowace uwa na iya faɗowa a kowane lokaci ba tare da ta sanar ba.

Edita, ban rubuto don a yaba mana ba. Na rubuto ne domin akwai abin da ya rage wa wasu su yi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da iliminsu a cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, wadda ke ba jihohi idan sun kawo nasu kason. Manufar ilimi ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, abin da muke kira rabin aji. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, ina kuma addu'ar su ɗore. Amma rabin ajin da na sani ɗaki ɗaya ne cike maƙil, malama ɗaya, ana tashi kafin azahar alhali uwa ba ta dawowa sai la'asar. Ɗan shekara biyu da uku kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan. Wato yayarsa tana nan inda take. Ba yadda za a tilasta wa yarinya zuwa makaranta matuƙar ba a sauke mata goyon da ke bayanta ba.

Abin da muke nema daga hukuma bai da yawa. Na farko, a san da zamanmu ba tare da an ɗauke mu 'yan kasuwa ba. Wani jami'i ya taɓa zuwa mana da fom irin na makarantun kuɗi, kuɗin rajistar da ke jiki ya fi abin da muke tarawa a wata uku. Mutumin kirki ne, da ya ga wurin ya naɗe takardarsa ya tafi, amma ya gaya mana gaskiya cewa ba shi da wani fom da ya dace da irinmu. To a samar da shi: rajista kyauta a ƙaramar hukuma, da sharuɗɗa kaɗan da za a iya cikawa, ruwa mai tsabta, makewayi, rufaffiyar rijiya, adadin yaran da babba ɗaya zai kula da su, a kuma riƙa zuwa dubawa. Mu da kanmu muna son a duba mu, domin ba kowane gidan da aka tara yara ne ke da Goggo a ciki ba. Na biyu, a turo mana malama ɗaya da gwamnati ke biya, ko da za ta riƙa zagaya wurare uku irin namu. Kwalejojin ilimi kuma suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa kowace shekara. Me zai hana masu karanta ilimin ƙananan yara a turo wasunsu unguwanni? Su samu yara na gaske, mu kuma masu rainonmu su ga yadda ake yi. Sai kuma ma'aikatan lafiya su sa irin wurarenmu a jerin inda suke tsayawa idan sun fito rabon sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na damina. Yara talatin a tabarma ɗaya sun fi sauƙin samu a kan bi gida-gida.

Ga alhazan da ke da sito a kasuwa, ina gaishe ku da girmamawa, domin ta hannunku gidaje da yawa ke ɗora tukunya. Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12 da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, jihar Kaduna ma ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2019. Amma matar da ake biya a kan kowane buhun da ta gyara, ba ta san wannan ba, ba ta kuma isa ta tambaya ba. Jaririnta yana bayanta yana shaƙar ƙurar da ita take rufe hanci saboda ita. Idan masu sito biyar suka haɗa hannu suka kafa rumfa ɗaya nesa da ƙura, da tabarmi da ruwa da mata biyu masu kula, abin da kowannensu zai kashe a wata ba zai girgiza shi ba, kuma matan za su fi sakin jiki su yi aiki.

Ga masu neman lada kuma: a layinmu kaɗai akwai masallatai uku, Allah ya saka wa waɗanda suka gina. Ban taɓa jin wanda ya yi waƙafin ɗaki biyu da tsakar gida don rainon 'ya'yan talakawa ba, ko ya ce hayar wannan shagon ta tafi ga albashin masu raino. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan, muna da malaman da za su yi bayanin yadda ake tsara waƙafi ya ɗore bayan ran mai shi. Ina roƙon malamanmu su taɓo wannan a mumbari. Kuma kada wani ya ce baƙon abu ne mata su shirya ilimi a tsakaninsu daga cikin gidaje. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi haka da 'Yan Taru: dattawan mata, waɗanda ake kira jaji, su zo su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan'uwansu mata. Duk lokacin da na kalli Goggo a kan tabarmarta, su nake tunawa.

Iyaye maza, 'yan'uwana, ku ma ina da magana da ku, a taƙaice. A cikin yara 34 ɗin nan, waɗanda uba ke biyan kuɗin rainonsu ba su kai goma ba. Sauran daga ɗan abin da uwa ta samo ne. Ku sa shi a lissafin cefane. Waɗanda ke zuwa ɗaukar 'ya'yansu da kansu in sun taso daga aiki, da za ku ga yadda yaran ke rugawa zaure in sun ji muryarsu, da ba ku bar wa kowa wannan ba.

A farkon zangon da ya wuce na zauna da littafinmu na bi gida-gida, ina tambayar inda yayyen yaranmu suke da safe. Na ƙirga 'yan mata 11 da a da suke gida suna raino, yanzu suna aji. Biyu daga cikinsu sai da aka mayar da su baya da aji biyu saboda abin da ya wuce su, amma suna zuwa. Ita kuwa ɗalibata ta bakin taga, tana nan a unguwar, an yi mata aure, tana sayar da ɗanwake. Bara ta kawo mini 'yarta ta fari. Ɗalibar tawa ce ke riƙe mana littafin kuɗi yanzu, ranar Alhamis da yamma, kuma ba ta taɓa kuskuren naira ɗaya ba.

Damuwar da ke gabanmu ita ce wuri. Goggo ta manyanta, ƙafa ta fara ba ta wahala, kuma 'ya'yanta sun fara maganar ta koma wajen babbansu a sayar da gidan. Haƙƙinsu ne, ba mu da ta cewa. Mun fara zuba wani sabon hannu a adashi don kama haya, Baba mai unguwa kuma yana duba mana ko za a samu ɗaki a Islamiyyar unguwa, tunda ba a shiga sai da yamma. Idan jaridarku za ta turo wakili ya ga wurin ya kuma zagaya irinsa a wasu unguwanni, domin na ji akwai su, to ya zo tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, lokacin an sha kunu ba a fara barci ba. In mace ce za ta shiga har tsakar gida. In namiji ne, za mu shimfiɗa masa tabarma a zaure, daga nan ma ana jin tatsuniyar.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Malama mai ritaya,
daga hanyar Katsina, Kano.